Ranar da Nas Ta Hana Mahaifiyata Safar Hannu

Shekarun baya, a daminar da matata ta yi haihuwar fari, wani ciwo ya kwantar da ni wanda har yau ban iya faɗin sunansa ba. Likita ya maimaita mini shi har ya gaji. Ni dai abin da na riƙe shi ne ciwon jijiya ne, mai farawa daga ƙafa ya yi ta hawa sama. Wata safiya na je buɗe shagona na iri da maganin feshi a kasuwar Kontagora, sai na ji silifas yana zame mini a ƙafa. Na ce gajiyar suna ce, don ba mu daɗe da dawowa daga Mashegu ba, inda matata ke wankan jego a gidan iyayenta. Kafin mako ya zagayo ko cokali ba na iya ɗagawa. Wani abokina mai tuƙa keke mai ƙafa uku ne ya tara maƙwabta suka kinkime ni zuwa asibiti, suna nishi suna yi mini addu'a. Masu sanina sun san ni ba ƙaramin mutum ba ne. A kasuwa buhun masara ake ce mini, kuma ban taɓa samun hujjar musawa ba.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai gadaje kaɗan, inda ake ajiye waɗanda jikinsu ya tsananta ana sa musu ido. Tsoron likita shi ne kada ciwon ya kai ƙirji ya tsayar da numfashi. Aka sa mini robar iska a hanci, aka sa ta fitsari. Hankalina garau, kunnena garau, bakina yana motsi da ƙyar, sauran jiki kuwa ya zama na aro. Ƙuda zai sauka a goshina ya gama hutawarsa ya tashi don kansa.

A nan sai na gaya muku wace ce mahaifiyata, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na girma. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Ina yaro "yaron nan" ne, da na girma na zama "mai shago". Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake kiranta, yadda na ji ƙannenta suna yi. In na je gaishe ta, tana tsintar wake ko tana duban wani wuri take amsawa. In ta dafa abin da nake so, sai ta ba ƙanwata ta ce, "Kai wa mutanen can, ya yi mana yawa." Ban iya tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani da kaina. Amma sani daban, abin da mutum ke ji a ransa daban.

To, da aka kwantar da ni ta zo asibiti da tabarmarta da butarta, ta shimfiɗa a baranda daidai tagar ɗakin. Ba ta shigo ba. In ma'aikaci ya fito sai in jiyo muryarta tana cewa, "Sannunku da aiki. Ya masu jiki?" Masu jiki, a jam'i. Ta san tsohon da ke gadon kusa da ni ya sha kunu ko bai sha ba, ta san matar da ke can ƙurya 'yar wane gari ce. Ni kuwa ko sau ɗaya ba ta tambaya ba. Ina kwance ina jin ta, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mini rai.

Babbar nas ta ɗakin wata mata ce daga wajen Rijau, Kirista, gajeriya, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan karin harshen mutanen can. Sista kowa ke ce mata. Ranar farko na tsane ta. 'Yan kasuwa sun yi gayya sun zo dubiya, kowa da ledar lemo da ayaba, kowa yana son ya kama hannuna ya yi mini addu'a. Ta tare ƙofa da jikinta.

"Ku yi masa daga nan, Allah yana ji," in ji ta. "Hannun da ya yi musabaha da rabin kasuwa ba zai taɓa mini majinyaci ba."

Abokina kaɗai ta bari, shi ma sai da ya cire agogo da zobe ya wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu, tana tsaye a kansa kamar mai gadin jarrabawa. Komai nata da ƙa'ida. Kan gado a ɗage yake ko da yaushe, don kada yawu ko abinci ya gangara cikin huhu. Baki a wanke mini shi safe da yamma da tsakani, ko ban ci komai ba. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da gado, amma kada ta taɓa daɓe. Na taɓa ce mata da 'yar muryata, "Sista, wannan duk ra'ayinki ne?" Ta ce, "Malam, ni ba ni da ra'ayi. An gwada a kan mutane da yawa kafin kai, an ga wanda ke raya su, shi nake yi."

Abin da ya fi damunta kuwa shi ne juyi. Wanda ba ya motsi, in aka bar shi a gefe ɗaya, nauyinsa yana danne naman da ke kan ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu daga ciki, sannan fata ta buɗe. Gyambon kwanciya ke nan. Saboda haka duk bayan awa biyu sai an juya ni, dama, hagu, baya. Kuma ba jan mutum ake yi ba, ɗaga shi ake yi da zanin gado, mutum ɗaya ta nan ɗaya ta can. Da dare akwai ma'aikata maza masu ƙarfi. Da rana ne hannu ke ƙaranci, ana ta shiga da fita da marasa lafiya, abokiyar aikin Sista tana can kan wani. Abokina yana zuwa da safe da yamma, amma shi ma yana da bakunan da ke jiran abin da kekensa ya samo.

Wata rana da hantsi juyi ya makara. Da Sista ta samu mai kama mata aka mirgina ni, sai na ji ta tsaya da hannunta a ƙasan bayana, daidai ƙashin ƙugu. Ta danna. Na ce wayyo. Ta sake dannawa a gefe, ta koma wurin farko.

"Nan ya yi zafi, ya yi tauri," in ji ta. "Fatar ba ta buɗe ba tukuna. Malam, zan gaya maka gaskiya. Ciwon da ya kawo ka, in Allah ya so zai sake ka, mun ga masu irinsa sun tashi. Amma in wurin nan ya buɗe, ƙwayar cuta ta shiga jininka a yadda ƙirjinka yake ɗin nan, shi ne abin da nake tsoro. Ina buƙatar mutum ɗaya naka da zai zauna wuni, in koya masa. Ina matarka?"

Na ce tana jego a Mashegu. Ƙannena mata kuwa duk suna gidajen aurensu a nesa, da goyo.

"Mahaifiyarka fa? Tana da rai?"

"Ga ta can a baranda."

Sista ta leƙa taga, ta dawo ta dube ni. "Wannan da ke tambayar lafiyar kowa ban da kai? Wadda kake ce wa Yaya? Ni na ɗauka maƙwabciya ce mai kirki."

Na yi mata bayanin ɗan fari iya yadda numfashina ya bari. Ta san al'adar, ta girma cikin Hausawa, sai dai ba ta taɓa ganin wadda ta kai da ita har ƙofar wannan ɗaki ba. Na ce mata kada ta wahalar da kanta, ba za ta shigo ba. Ba ta ko saurare ni ba, ta fita. Tagar a buɗe take, don haka komai a kunnena aka yi.

"Mama, ina kwana. Ina son ki shigo ki kama mini aiki."

"'Yar nan, ai ku ne masu aikin. Mu namu addu'a."

"Addu'arki muna so, hannunki ma muna so. Bayan ɗanki ya fara lalacewa."

Na tabbata a lokacin mahaifiyata tana duban butarta. Kalmar "ɗanki" kaɗai ta isa ta sa ta sunkuyar da kai.

Can ta ce, "A nemo abokin nasa mana."

"Yana kan titi. Mama, ni ban ce ki kira sunansa ba, ban ce ki yi masa hira ba. Kunyarki taki ce, ba zan taɓa miki ita ba. Amma fata ba ta jira. In na rasa mai kama mini yau da gobe, jibi rami za ki gani a wurin, kuma ramin nan yana kai mutum kabari."

Sai na ji ƙarar awarwaro, ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ji famfon bakin ƙofa, da muryar Sista tana cewa, "Har tsakanin yatsu, Mama. Babban yatsa ma." Na rufe ido, don ni ma kunyar ta kama ni, ƙato da gemu.

Suka tsaya a gefe biyu na gado. Sista ta rufe ni da zani ta bar bayan kawai. Suka kama zanin gado, ta ƙirga, suka ɗaga. Mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana sauke tukunyar tuwon gidan biki, ta ɗaga ɓangarenta har ya fi na Sista tashi. Aka tokare ni da matashi a baya, aka sa wani tsakanin gwiwoyi, aka sa wani ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su rataya ba su taɓa katifa ba. Sista ta nuna mata yadda ake shafe zanin gado ya miƙe sumul, don ko ɗan ninki yana iya cin fata.

Sai aka zo wurin dubawa. Mahaifiyata ta leƙa daga nesa ta ce, "Ni ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba," in ji Sista. "A makaranta an koya mana a nemi inda ya yi ja. Fatar Bature ce ke yin ja. Irin tamu sai ta ɗan ƙara duhu, ko ma ta ƙi nuna komai har sai ta fashe. Ido ba ya isa, sai an sa hannu. Ki taɓa nan, ki taɓa gefensa, ki ji wanne ya fi zafi, wanne ya fi tauri."

Mahaifiyata ta waiga, ta hango kwalin safar hannu a kan teburi. Na ji muryarta ta ɗan saki, kamar wadda ta ga mafita.

"To, ba ni wannan robar in sa."

"A'a. Wannan ta lokacin gyaran jiki ce, in akwai jini ko ƙazanta. Fatar nan lafiyayya ce, hannunki a wanke yake. In kin sa roba ba za ki ji zafin da kyau ba."

"'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, Mama. Sa hannu."

Jama'a, na ji allura a asibitin nan, na ji roba a inda ba na son tunawa, amma ba abin da na ji kamar wannan. Hannu ne mai kaushi, da sanyin ruwan famfo a jikinsa. Ya sauka a bayana a hankali kamar mai gwada zafin tukunya. Ya tsaya. Ya matsa gefe. Ya dawo. Fuskata tana kallon bango, na gode wa Allah da haka, don hawaye ne suka gangaro har cikin kunnena kuma ba ni da hannun sharewa.

"Nan ya fi zafi," in ji ta, da murya ƙasa-ƙasa.

"Yawwa. To shi za mu hana kwanciya a kai har ya huce."

Washegari ta iso da shirinta: man kaɗanya a gwangwani, da tsumma, da fulas na ruwan zafi. A ganinta, wurin da ya yi tauri gashi yake so da tausa, yadda ake yi wa mai targaɗe. Sista ta tare ta tun daga ƙofa. Ta ce naman wurin ya riga ya ji jiki, in an murza shi ko an gasa ƙara mutuwa zai yi. Suka yi ta ja-in-ja a kaina kamar ba na wurin. A ƙarshe aka yi sulhu: ruwan zafi ya koma baranda, man kaɗanya kuwa aka yarda a shafa shi sama-sama a ƙafafu da hannuwa inda fata ta bushe, ban da wurin ciwon. Mahaifiyata ta sha kunu na rabin wuni, amma ta bi.

Daga nan ta zama 'yar ɗaki. Ba ta karanta agogo, amma ta ɗaure lokutan juyi da inuwar baranda da kiran salla, kuma sau da yawa kafin Sista ta ɗago kai za a ji famfo yana zuba. Ba ta taɓa yi mini magana ba. Komai ta bakin Sista yake bi. "Sista, majinyacinki dugadugansa sun taɓa katifa." "Sista, a tambayi majinyacinki ko matashin ya tokare shi." Ni kuma in amsa wa Sista, alhali tsakanina da mai tambayar bai kai kamu ɗaya ba. Tana duba ƙeya, da kafaɗu, da gwiwar hannu, da bayan kunne inda robar iska ke gogawa. Sannu a hankali wurin nan na ƙugu ya huce, ya yi laushi, bai buɗe ba. Ranar da Sista ta tabbatar da haka ta ce, "Mama, mun ci." Mahaifiyata ta ce, "Alhamdu lillahi," tana duban silin.

Bayan wasu makonni ciwon ya fara sakina, daga sama zuwa ƙasa, yadda ya hau. Yatsu suka motsa, sannan hannu. Wata safiya ba kowa kusa, na ji gefena ya gaji, na yunƙura, sai ga ni na mirgina da kaina. Murna ta kama ni, na buɗe baki zan kira Sista. Sai na tuna cewa in na iya juya kaina, aikin wata ya ƙare, za ta koma baranda. Na lallaɓa na koma yadda aka ajiye ni, na yi lamo.

Haka na yi kwana biyu, ni uban wata, ina sakin jiki kamar buhun da ake kirana, ana ɗaga ni ana saukewa. Har ɗan nishi nake ƙarawa don abin ya yi kyau.

Rana ta uku da azahar famfo ya fara zuba, mahaifiyata tana wanke hannu ta ba mu baya. Sista ta zo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Malam, juya."

"Sista, ai kin san ba na iyawa."

"Matashin da na sa maka a dama da safe, a hagu na same shi. Ba ƙafa gare shi ba. Juya. Jikin nan in ba ka sa shi aiki ba, ba zai dawo ba, huhunka ma motsi yake so. Ba zan bar ka ka ɓata mini aiki ba."

Asiri ya tonu. Na kama ƙarfen gado na mirgina, ina jin kunya kamar in nutse cikin katifa. Sista ta yi dariya har da tafi, ta juya wajen famfo ta ce, "Mama, albishirinki. Kin huta. Majinyacinmu ya iya juya kansa."

Mahaifiyata ba ta waigo ba. Ta ci gaba da cuɗa yatsunta.

"Na sani," in ji ta. "Tun shekaranjiya nauyin ya ragu a hannuna. Yana taimakawa da kafaɗa, bai san yana yi ba."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ta rufe famfo da gwiwar hannu yadda aka koya mata, ta tsane hannuwanta. Na ɗauka fita za ta yi. Sai ta ce, "Tunda na riga na wanke, kada sabulun asibiti ya tafi a banza." Ta zagayo bayana. Ta duba ƙeya, ta duba kafaɗu, ta sauko ƙugu. A nan hannun ya tsaya, ya daɗe fiye da yadda dubawa ke buƙata. Sista ta samu abin gyarawa a wani gado. Sannan mahaifiyata ta ce, "Lafiya lau," ta ja mini zani, ta fita ta mayar da awarwaronta.

Na bar asibitin nan ba tabo ko ɗaya a bayana. Na sha ganin waɗanda suka warke daga ciwon da ya kwantar da su amma gyambon kwanciya ya riƙe su watanni, don haka na san abin da aka tsallakar da ni. Duk wanda ya ce mini nas ta cika tsanani, ta hana dubiya, ta sa shi wanke hannu kamar ƙaramin yaro, nakan ce masa ya yi mata biyayya ya ƙara da godiya. Sista ta bar garin nan tuni, amma ba na shafa addu'a ban sa ta ba.

Mahaifiyata tana nan da ranta, ta tsufa. Har gobe ni mai shago ne. In ta ga na ɗauki 'yata ta fari a kafaɗa ina kiran sunanta a tsakar gida, sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwata 'yan zamani ba su da ta ido. Wata ƙanwarta ta taɓa tsokanarta da zancen asibitin, ta ce, "Ni aikin Sista na kama mata." Ban taɓa tayar mata da maganar ba, ba kuma zan tayar ba. Ina son matar nan har cikin raina. Tun daga wannan azahar ɗin ba ta sake taɓa ni ba, kuma wallahi abin bai ƙara damuna ba.